Haujeri Bai Yi Fure Ba

Litinin, da hantsi

Na samo wannan littafi a cikin tsofaffin takardun Auta, rabinsa lissafi ne, rabinsa fari. A farin zan rubuta. Malamarmu ta ajin manya takan ce idan magana ta tsaya maka a wuya ka ba takarda, ita ba ta kai gulma. Ban taɓa gwadawa ba sai yau.

Auta ta dawo daga jami'a tun ranar Alhamis, kuma ba hutu aka yi ba. Ta shigo da akwatinta da ƙunshin jaridun nan da take danne ganye a ciki, ta gaishe mu a tsaye, ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Ta daɗe tana aiki a kan ganyen haujeri, tana busarwa, tana niƙawa, tana aunawa, don ta nuna abinci ne mai amfani idan shekara ta yi tsanani. Ranar da ta tsaya gaban malamai za ta kare aikin, sai wata babbar malama baƙuwa ta ɗaga busasshen reshen, ta juya shi, ta ce ba shi ba ne. Iyakar abin da na sani ke nan. Shi ma ta bayan ƙofa na tsinta, tana waya da ƙawarta.

Sun ce ta kawo reshe mai fure daga itacen da ta ɗebi ganyen, shi kansa ba wani ba, kafin wata ya ƙare. Fure ne zai raba gardama. In ba ta kawo ba, aikin ya zube.

Itacen yana filin da ke bayan tashar mota, a jikin tsohuwar katanga. Na san wurin.

Litinin, bayan la'asar

Ba ta ci ba. Na ɗauke kwanon yadda na ajiye shi.

Talata, da hantsi

Da na gama shara da wanke-wanke na yafa mayafi na je filin. An kewaye shi da kwano, an zube yashi da bulo. Wani tsoho mai gadi ya tare ni, ya ɗauka itacen girki na zo tsinta. Na ce masa wata bishiya na zo dubawa. Ya ce in duba da kyau in yi mata sallama, don mai filin gini zai yi, katangar da duk abin da ya jingina da ita za a kwantar. Na tambaye shi yaushe. Ya ce idan siminti ya iso.

Yana nan yadda yake. Ya haye katangar ya leƙa waje, ƙayarsa bibbiyu masu lanƙwasa kamar faratan kyanwa, ganyensa da laushin gashi idan ka shafa. Na zagaya shi ta nan, na zagaya ta can. Bai yi fure ba.

Muna yara ganye muke tsinka mu kai gida. Ban taɓa ɗaga kai na nemi furensa ba. Mai yunwa ba ya kallon fure.

Laraba, da hantsi

Bai yi fure ba.

Laraba, bayan azahar

Ta shiga wanka, na faki ido na shiga share mata ɗaki. Aikin nata yana ƙasa a gefen katifa, an tattake bangonsa. Na goge shi da bakin zanena. Sunan itacen yana saman bango da manyan baƙaƙe, na kwafe shi a bayan kalanda, harafi bayan harafi, ga shi:

Capparis corymbosa

Farkon da ta nuna min sunan nan, bara ne, na karanta shi da c irin tamu, ta cokali da ciyawa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a wannan harshen c ɗin k ce. Na ce to me ya hana su rubuta k? Ga p har biyu a jere, harafin da malamarmu ta ce ba ruwanmu da shi. Ta ce min harshen ma ya mutu, ba mai magana da shi a kasuwa, shi ya sa aka zaɓe shi, don kada sunaye su riƙa canjawa.

Babansu ya leƙo daga shagon ɗinki, tef a wuya, ya same ni ina gumi a kan kalanda. Ya ce, "Malama mai biro, yau kuma wasiƙa ake rubuta wa ƙaya?" Na ce masa suna nake koyo. Ya ce tun da aka halicci itacen nan bai san sunansa ba, kuma bai fasa tsiro ba. Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya dubi ƙofar Auta, dariyar ta mutu. Ya koma kan kekensa. Yau ya kwance hannun riga ɗaya ya fi a ƙirga.

Alhamis, da hantsi

Bai yi fure ba. Mai gadi ya fara ce min uwar ganye.

Juma'a, bayan la'asar

Na zauna a bakin ƙofarta da tsintar shinkafa, na yi ta magana ni kaɗai har ta gaji ta amsa. Na ce ta faɗa min abin da zan nema, tunda ita ba za ta fita ba. Ta ce in bari kawai. Na ce ba zan bari ba.

Muryarta kamar ta mai karanta takardar asibiti. Ta ce sunan da ta rubuta, wani malami ya ce tsohon suna ne, an daina amfani da shi, yanzu wani ake kira, amma itacen ɗaya ne, wannan gyaran biro ne kawai. Babbar malamar ce ta ce ba tsoho ba ne ba sabo ba ne, wani itace ne daban, ɗan uwansa. Ganyensu da ƙayarsu sun yi kama. Na ce ina ce harshen ya mutu don kada suna ya canja? Ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Inna, in kika ga furanni ƙanana a dunƙule wuri ɗaya, nawa ne. In kika ga babba mai dogon gashi kamar gashin bakin kyanwa, nata ne."

Na ce to in nata ne, ba sai a goge suna a sa wani ba?

Sai ta ce na malamar ɗin an san shi da cutarwa, dabba ma yana iya kayar da ita, ita kuwa ta cika littafi tana cewa mutane su ci.

Na ci gaba da tsintar shinkafa. Daga baya na ga tsakuwar nake zubawa a tukunya.

Akwai abin da aka faɗa mata a ɗakin kare aikin nan gaban mutane wanda ba ta maimaita wa kowa ba. Ko ƙawar tata ba ta faɗa wa ba. Wayarta ma da take yawan kuka da yamma, wadda takan ɗauka ta fita tsakar gida tana murmushi, ta daina kuka. Ban tambaya ba.

Asabar, da hantsi

Bai yi fure ba. Na ga wasu zarurruka farare, bakinsu ja-ja, a ƙasa gindin katangar. Na kakkaɓe zanena. Matar tela duk inda ta je sai ta zubar da zare.

Lahadi, da yamma

Yaya ta zo. Tun daga ƙofar gida take faɗa, wai an bar yarinya a ɗaki kamar kaza mai kwanci, a kan ganye. Ta buga ƙofar Auta ta ce, "Ke boka, fito ki gaishe da uwarki, ko sai na karanto sunana da Turanci?" Auta ta buɗe kaɗan, ta gaishe ta, ta mayar. Rabon da in ga fuskarta da rana sosai na manta. Wuyanta ya yi tsawo.

Na ja Yaya muka je filin, don ita ce babba, ita ta riƙa kai mu tsinkar ganye shekarar da aka sha wuya. Ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta tsinki ganye ɗaya ta murza ta shinshina. Ta ce haujeri ne. Raina ya yi sanyi. Sai ta ƙara da cewa, amma wanne? Ta ce ai biyu ne, akwai haujerin mutane akwai haujerin raƙumi, kakarmu ce take tsayawa ta nuna mana wanda za mu taɓa, mu namu tsinka ne. Na ce ni ban taɓa jin biyu ba ne. Ta ce ina zan ji, lokacin majina ma ba na iya sharewa. Na ce to wannan wanne ne? Ta ɗaga kafaɗa, ta ce kama da wane ba ta wane, idonta ya tsufa, wadda ta sani kuma tana ƙasa.

A hanya ta tambaye ni wa ya fara nuna wa Auta wannan bishiyar.

Yaya tana da yawan magana. Motar unguwarsu ta zo, na sa ta a ciki.

Litinin, da hantsi

Bai yi fure ba.

Talata, da hantsi

Bai yi ba. Siminti bai iso ba. Ban san wanne nake roƙo ba, furen ya yi sauri ko masu gini su yi jinkiri. Ina roƙon duka.

Laraba, bayan azahar

Na yanki ɗan reshe na kai wa mai magani na bakin kasuwa, wanda ke shimfiɗa saiwoyi a kan buhu. Ya karɓa da yatsa biyu, ya ce ƙabdodo ne. Na ce ba haujeri ba? Ya ce a garin da ya taso ƙabdodo ake cewa, in na fi son haujeri to haujeri ne, shi bai taɓa faɗa da mai saye a kan suna ba. Na tambaye shi ko ana ci. Ya ce wasu suna ci, wasu sun ci sau ɗaya. Maƙwabcinsa mai kwando ya fashe da dariya. Na tambaye shi yaya furensa yake. Ya ce shi saiwa yake haƙa, kansa kullum a ƙasa yake.

Yanzu sunaye sun yi min yawa. Na mutane, na raƙumi, ƙabdodo, tsoho, sabo, da na babbar malama. Itace ɗaya a jikin katanga ɗaya. Ni da aka raɗa min suna ɗaya, shi ma tun da na haihu ba mai kirana da shi.

Da na dawo na sake rubuta na Auta a bayan kalanda har wurin ya cika. Yanzu ina iya rubuta shi ba tare da na duba ba.

Alhamis, da hantsi

Yau na ga wani abu. Can sama, inda ya leƙa bayan katanga, inda awaki ba sa kaiwa, akwai wasu ƙwallaye korra. Hannuna bai kai ba. Mai gadi ya ce ba zai hau bulo ya karye a kan ƙaya ba. Na tuna Auta ta taɓa cewa 'ya'yan itacen da ta rubuta ƙanana ne, na ɗayan manya. Waɗannan ƙanana ne. Na dawo gida har ina tuntuɓe.

Na faɗa mata ta bayan ƙofa, ya yi 'ya'ya, kuma ƙanana ne. Na ji ta tashi zaune, katifar ta yi ƙara. Sai ta ce, "Inna, itace ba ya 'ya'ya sai ya yi fure. Kin ga fure?"

Na ce ban gani ba.

Na ji ta koma ta kwanta.

Juma'a, da hantsi

Bai yi fure ba. Zaren nan kuma. Na ce wa Babansu ya riƙa share shagonsa, ina yawo da tarkacensa har bayan tasha. Ya ce shi farin zare ma ya ƙare masa tun makon jiya. Ban kula ba, kullum da abin da zai ce.

Asabar, da rana

Ta sha ruwan shayi rabin kofi. Na rubuta don in tuna akwai ranar da ta sha.

Litinin, da hantsi

Siminti ya iso.

Na sami shugaban magina yana tsaye a kan yashi yana waya. Na jira ya gama, na gaishe shi, na roƙe shi ya bar min kusurwar nan ko na mako guda. Ya tambaya ko kabari ne. Na ce itace ne. Ya tambaya ko na tsafi ne, yaransa suka yi dariya. Na ce na karatu ne, 'yata ce take jami'a. Ya dube ni, ya sassauta murya, ya ce, "Iya, ni ma ɗan aike ne. Jibi da sassafe mota za ta zo ta ture katangar. Ki yanki abin da za ki yanka."

Bai yi fure ba.

Talata, da hantsi

Bai yi ba. Na tsaya a gabansa na yi masa magana kamar mutum. Abin da na ce masa ba na rubutawa ba ne.

Talata, bayan magariba

Hannuna yana ciwo, rubutun zai karkace.

Ban taɓa zuwa filin da yamma ba, lokacin girki ne. Yau na sauke tukunya da wuri, na ɗauki almakashin Babansu babba, na ce ko ba fure zan yanko reshe mai ƙwallayen nan, kada a ce ba mu kawo komai ba. Rana ta kusa faɗuwa da na isa. Magina sun tashi. Tun kafin in kai katangar wani ƙamshi ya tare ni, na ɗauka wata ce ta wuce da turare.

Na ɗaga kai. Ƙwallayen nan ba 'ya'ya ba ne. Suna buɗewa. Ina tsaye ɗaya ya tsage a gabana, farin gashi ya fito a nannaɗe, ya miƙe a hankali, dogo, bakinsa ja-ja. Babba ne, ya kusa cika tafin hannu. Ga wani can, ga wani. Na dubi ƙasa inda nake kakkaɓe zanena kowace safiya. Ashe yana ta yi. Da yamma yake buɗewa, kafin in gama shara da wanke-wanke in iso ya zube. Ni kuma ina zuwa ina rubuta bai yi ba.

Kamar gashin bakin kyanwa. Ba sai an kira malami ya faɗa min ba.

Na jera bulo na hau. Mai gadi yana cewa uwar ganye za ki faɗo, ya zo ya riƙe min bulon. Ƙayar ta kama hannuna ta ƙi saki, sai da na bar mata fata. Na yanko reshe mai fure biyu da ganyensa, na rufe shi da mayafi kada iska ta taɓa.

A bakin tasha akwai babbar kwata. Na tsaya a kanta. Gobe da sassafe ba katanga, ba itace. In na saki abin da ke hannuna ba wanda zai taɓa tabbatar da cewa 'yata ta yi kuskure, sai dai a ce ba a samu fure ba. Za ta riƙa cewa a ranta wataƙila ita ce da gaskiya. Ni ma haka. Na daɗe a wurin, har wani mai tura baro ya ce in matsa.

Sai na tuna mu, ni da Yaya, da kwarya a hannu, muna tsinkar duk abin da babba ya nuna mana ya ce ana ci.

Na kawo shi gida.

Ban buga ƙofa ba, na ce, "Auta, ya yi." Ta buɗe. Na ɗaga mayafin. Ƙamshin ya cika tsakar gida har Babansu ya tsayar da keke ya fito. Ta karɓi reshen, ta kai shi ƙarƙashin fitila, ta juya shi yadda na ji an ce malamar ta juya busasshen. Fuskarta ba ta canja ba. Ta ce, "Ita ce da gaskiya."

Na buɗe baki. Na ce, "Ranar da muka bi ta bayan tasha, da na ce miki ga haujeri..."

Ta ce, "Inna, hannunki jini yake yi." Ta ɗora da cewa duk wanda ya shiga ajin farko an faɗa masa kada ya raɗa wa itace suna sai ya ga furensa, ita ce ba ta jira ba. Sannan ta ce a samo mata jarida da sauri kafin ya zube.

Babansu ya kawo jaridun da yake yanka samfurin riga da su. Ta durƙusa a tsakar gida, ta shimfiɗa furen, tana gyara gashinsa ɗaya bayan ɗaya da bakin allura. Hawaye yana ɗiga a kan jaridar, tana matsar da furen gefe kada ya jiƙe. Muka ɗora masa dutsen guga.

Laraba, da hantsi

Ƙafata ta kai ni filin da kanta. Ba katanga. Sun tara ƙayar a gefe za su sa wuta. Mai gadi ya ɗaga min hannu daga nesa.

Alhamis, bayan azahar

Ta tafi da motar safe, jaridar a tsakanin katako biyu, ɗaure da tsumman shago. Ta ci abinci kafin ta fita, ba da yawa ba. Na tambaye ta ko za su karɓi aikin. Ta ce ba ta sani ba. Wataƙila su bar ta ta juya shi, ya zama gargaɗi maimakon shawara, wataƙila su ce ta koma farko. Na tambaya ko za ta iya tsayawa gaban matar nan kuma. Sai kawai ta ɗaura ɗankwalinta.

Da za ta fita ta ga bayan kalandar, duk inda na cika da sunan. Ta tsaya tana kallo. Ta ɗauki allin Babansu, ta rubuta wani a jikin ƙofar ɗakinta, da manyan baƙaƙe yadda zan gani.

Gidan ya yi shiru. Keken ɗinki kawai. Na jawo kujera gaban ƙofar, na kwafa:

Capparis tomentosa

Kalmar farko ba ta canja ba. Rabin wahalata bai zube ba. Allah ya sa nata ma haka ne.